Butar da Aka Gani a Ƙafafun Pak

Bismillahir Rahmanir Rahim

Lelydorp, Suriname
Zulƙida, 1429

Zuwa ga yayana Kang Tumiran, a Rotterdam ta ƙasar Holan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yu Warsini da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya sanyin ƙasarku? Yaya kuma gwiwar nan taka da aka ce likita ya hana ka hawa bene da ita? Allah Ya sa kaffara ce, Ya kawo sauƙi mai ɗorewa. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Mas Ngadimin yana fama da gonar rogonsa, rani ya yi tsawo bana har ƙasar ta tsage. 'Yarmu Sulastri ta sauka lafiya, mace ce, an yi suna, kowa ya ce goshinka ta ɗauko. Ɗanka Subhan lafiyarsa ƙalau, yana can bakin tafki wajen aikinsa. Mahaifiyarmu Mak kuma tana nan da ranta, ta koma cin abinci. Na ce ta koma ne domin ta daina, kuma kai ne sanadi. Dalilin takardar ke nan.

Na zaɓi in rubuta maimakon in buga waya saboda na san halinmu. A waya kai ne mai baki, ni kuwa tun muna yara muryata ba ta tashi, kafin in haɗa magana ɗaya ka kawo uku har da aya. Takarda ba a katse ta. Ka karanta ta har ƙarshe, Kang, don girman Allah, ko da ranka zai ɓaci, domin nawa ya riga ya ɓaci, kuma ban taɓa sanin ina da fushi irin wannan a cikina ba.

Lokacin da Subhan ya zo daga wurinku da akwatunan kayan nutsonsa, da tukwanen iska da baƙar rigar roba da waɗannan takalma masu kama da ƙafar agwagwa, ya ce zai riƙa kai baƙi ƙarƙashin tafkin Brokopondo su ga tsohon garinmu Kabel, raina bai kwanta ba. Garin da aka haife mu, wanda muka bari da ɗaurin kaya a ka ruwan madatsa yana bin diddigenmu, wai shi ne ya zama wurin kallo. Amma na ce wa kaina sana'a ce. Da yaron ya riƙa zuwa yana ba Mak labari, wai layin dogon da mahaifinmu Pak ya yi wa aiki har ya rasu yana nan kwance cikin laka, matakalar asibiti tana nan kifaye suna hawa da sauka, sai na ga fuskarta ta yi haske. Ranar da ya ce zai nemo kabarin kakansa, ta zaunar da shi ta yi masa kwatance tun daga tasha har bayan ramin da ake ɗiban tsakuwa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce zai ga itace biyu na walaba, na kai ya fi tsawo kuma an sassaƙa suna a jikinsa, na ƙafa gajere ne ba komai. Ni har addu'a na yi maka a lokacin, na ce Allah Ya saka wa Kang da ya turo mana wannan yaro. Ban san da saƙo ka turo shi ba.

Ran wata Lahadi da rana ya zo da hoton bidiyon da ya ɗauko a ƙarƙashin ruwa. Na dafa miyar saoto, maƙwabta suka shigo, aka jona abin a talabijin, muka zaunar da Mak a gaba. Ruwan ja ne kamar shayi, fitilarsa tana ratsa shi, ga kututturan itatuwa tsaye ba ganye ba reshe. Can sai ga itatuwan nan biyu. Kang, na ga sunan ubanmu cikin gansakuka, ban san sa'ad da na rufe bakina da mayafi ba. Sai Subhan ya tsayar da hoton daidai inda ya kara abin nuna alƙiblar da ke ɗaure a hannunsa kusa da itacen kai, ya juyo ya ce wa kakarsa, Mbah ki duba da kyau, kan Mbah namiji yana kudu ne, ƙafafunsa suna arewa, ke nan gabas aka fuskantar da shi ba yamma ba. Ya faɗe shi ne kamar yaron da aka ba hadda, idonsa a kan tabarma. Bai rufe baki ba sai ga wayarka ta shigo, kai ka ce a bayan ƙofa kake laɓe. Aka saka ka kowa yana ji, kana cewa ai dama ka sha faɗa, kana yaro ka bi gawar har bakin rami, Pak ya koma duban gabas a salla a ɓoye kafin ya rasu, waɗanda suka binne shi sun sani, don haka Mak ba ta da sauran hujjar cewa sai a maƙabartar masu salla suna duban yamma za a kwantar da ita.

Kada ka aiko min da karatu a kan wannan, na san shi. A gaban malami ɗaya muka durƙusa, kuma na riga ka sauke Alƙur'ani. Na san kakanninmu sun taso daga Jawa inda Ka'aba take yamma da su, jirgi ya zagayo da su bayan duniya ya sauke su nan, suka ci gaba da kallon yamma kamar yadda iyayensu suka yi, alhali a nan ɗakin Allah yana gabas. Ni gabas nake kallo tun ina budurwa, kuma kullum burina in ga uwata ta kalla tare da ni. Ba a kan alƙibla muka saɓa da kai ba. A kan hanyar da ka bi ne.

Ka tuna abin da Mak ta yi. Ta ce a mayar da hoton baya. Aka mayar. Ta ce a ƙara. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, sannan ta ce a kashe, ta tashi ta shige ɗaki, saoton ya huce a kwanonta. Maƙwabta suka ce kewar miji ce ta motsa. Ni ma haka na ɗauka. Amma washegari ba ta ci ba, wanshekare ma haka. Soyayyen rogon da ba ta iya gani ta ƙyale, na kai mata ta ture. Ta daina zagin kajin Mas Ngadimin da ke shiga mata lambu, ta daina gyara wa Sulastri riƙon jariri. Na kama ta tana tsaye a madafa tana taɓa gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da ke ciki kafin ta buɗe, wannan gishiri, wannan sukari, tana jarraba kanta.

Ina taje mata kai da hantsi ne ta kama hannuna ta ce, Ngatiyah, ke ba kya ƙarya, ki faɗa min, kaina ya fara taɓuwa ne? Na ce subhanallahi, me ya kawo wannan magana. Sai ta ce butar. Ka tuna butar ƙasar nan mai dogon wuya da Pak yake shan ruwa da ita? Ta ce zazzaɓin da ya ɗauke shi kansa ya fi ci, har ya cika yana cewa kaina, kaina, shi ya sa bayan an binne shi ta kai butar ta kafa rabinta a ƙasa daidai kansa, kowace Alhamis ta je ta cika ta da ruwa ta zuba furanni, har ranar da ruwan tafki ya kore mu. Malamai su faɗi abin da za su faɗa a kan wannan al'ada ta mutanen da, ita dai abin da ta yi ke nan. To a hoton ta ga wuyan butar ya leƙo daga laka, amma a gindin gajeren itacen, wanda ba suna. Ta ce ke nan ɗayan biyu ne: ko dai shekarun nan duka ƙafafunsa ta yi ta shayarwa, mace ba ta san kan mijinta da ƙafarsa ba, ko kuwa yanzu ne hankalinta yake zubewa tana tuna abin da ba a yi ba. Ta ce in haka ne in riƙa lura da ita, kada wata rana ta ɗauki jaririyar Sulastri ta manta inda ta ajiye.

Ka ji, Kang? Abu biyu ta lissafa, kuma duka a kanta ta ɗora laifin. Na ukun bai ko gifta mata a rai ba, wato ɗanta na fari ya shirya mata ƙarya. Wannan ne ya ƙone ni. Ni ya gifta min, domin na tuna yadda wayarka ta shigo a kan gaɓa, na tuna idon Subhan a tabarma.

Da safe na hau motar Afobaka da ke bakin tafkin, ni da ko rafin bayan gidanmu ba na son tsallakawa. A bakin ruwa na fara cin karo da mai kwale-kwalen da ke kai su, Baa Kodyo, dattijo ne daga mutanen Saamaka, shi ma ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwan nan. Da ya ji ni gwaggon Subhan ce sai ya kwashe da dariya, ya ce a'a, yau uwar kwaɗon Holan ce da kanta, ko ke ma nutson za ki yi da wannan dogon mayafi? Na ce tambaya na zo yi a kan ranar da suka je kabari. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi bai ga abin da aka yi a ƙasa ba, ba ya shiga, kakanninsa suna can kwance kuma ba su gayyace shi ba. Amma ya ce yaron ya sauka da na'urar hoto ya taso, ya sake sauka da dagi, kuma shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin ana ɗaukar hoto da dagi ba. Ya ce ya gaya masa tun a ranar, yaro, a tafkin nan ana kallo ne ba a taɓawa, yaron ya ce umarnin babansa ne.

Na sami Subhan a rumfar da suke cika tukwanen iska. Ban ɗaga murya ba, ka san ba na iyawa. Na ce masa, Subhan, kakarka tana gida tana ƙirga gwangwanaye tana zaton ta haukace, wa ya kai butarta ƙafafun kakanka? Yaron nan, gemu gare shi, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Ya ce Lik, wato gwaggo, wallahi ban ga butar ba, ruwan duhu ne. Ka ji abin da ya fara dame shi, bai ga butar ba. Sannan ya faɗi sauran. Ya ce ya tarar da kan yana arewa kamar yadda masu yamma suke yi, ya buga maka waya, ka ce ya tumɓuke itatuwan ya musanya su ya sake ɗaukar hoton. Wai ka ce itace ne kawai, ba gawar zai taɓa ba, kuma ƙaryar da za ta ceci tsohuwa daga kwanciya tana bai wa Ka'aba baya lada ce ba zunubi ba.

A wane littafi ka karanta wannan, Kang? Ni abin da aka koya mana shi ne ko zama a kan kabari an hana, balle a tsaya a kansa da dagi ana haƙa. Ubanmu ne a wurin. Ruwa ya ci gidansa, ya ci masallacinsa, ya ci hanyar da za mu bi mu ziyarce shi, abu ɗaya da ya rage masa a duniya shi ne itacen da ke cewa ga kansa nan, shi ma ka aika a ɗauke. Da an bar shi haka, duk jikan da ya nutsa ya yi masa sallama, ƙafafunsa zai yi wa. Kuma ka yi masa ƙazafin abin da bai yi ba, ka ce ya sauya a ɓoye, kamar mutumin da ke tsoron matarsa. Pak bai san gabas ba, ba wanda ya zo masa da wannan ilmi, ya bauta wa Allah iyakar saninsa, kuma Ubangijin da ya bauta wa Ya fi ni da kai sanin inda zuciyarsa take kallo. Sannan ka ɗauki ɗanka, yaro mai jin maganarka, ka koya masa cewa ana yi wa Allah aiki da ha'inci. Kai kana zaune a ɗaki mai ɗumi, shi ka tura cikin duhu ya ɗauko maka zunubin.

Na ce wa Subhan ya ɗauko kayansa, yanzu-yanzu. Baa Kodyo ya tayar da inji, na shiga kwale-kwalen nan ina karanta duk abin da na haddace. Muka yi ta ratsa kawunan matattun itatuwa, fari fat kamar ƙasusuwa, dattijon yana kauce musu ba ya ko dubawa. A wani wuri ya rage gudu ya cire hularsa, ya ce a nan ƙasa uwarsa take, sannan ya mayar da hular ya ce min in daina riƙe gefen jirgi haka kada in ɓalle masa katako. Da muka isa, Subhan ya goya tukunyarsa ya faɗa da baya, ruwan ya rufe. Ba abin da nake gani sai kumfa tana tasowa. Na zauna a saman garinmu, Kang, a saman ɗakin da Mak ta haife ni, rana tana dukana, ina kallon kumfar numfashin ɗanka ina roƙon Allah kada ta tsaya, domin kifayen piranha masu cin nama sun cika ruwan, kuma in wani abu ya same shi ni na tura shi wannan karon. Da ya taso ya cire gilashin fuskarsa, ya ce ya mayar da kowanne raminsa, ya share lakar da ke wuyan butar da hannunsa, ko tsagewa ba ta yi ba.

A gaban Mak ya durƙusa ya kifa goshinsa a gwiwoyinta kamar yadda muke yi ranar Sallah, ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ɓoye sunanka ba domin na hana shi. Aka saka sabon hoton. Ta ga dogon itacen, ta ga butar a gindinsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, to, ashe da sauran kaina. Ta dungure wa Subhan ƙeya ta ce tashi, kwaɗon banza, ka jiƙa min zane, wanda aka aika ba shi ne mai saƙo ba. Ta ce in ɗumama mata rogo. Ta ci har ta nemi ƙari, ta fita ta zagi kaji. Na yi hamdala na ɗauka an gama.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Tun tsakiyar azumin nan da ya wuce, Mak ta koma duban gabas. Ba wanda ya tilasta ta. Shekara da shekaru ina bin ta a hankali, in faɗi kalma ɗaya in yi shiru wata guda, in ta yi fushi in bari. Wata la'asar ina tayar da salla sai na ji motsi, na ga ta jawo darduma ta shimfiɗa kusa da tawa. Bayan mun sallame ta ce kada in kuskura in gaya wa Tumiran, ita za ta faɗa masa da bakinta in ya zo Babbar Salla, tana so ta ga yadda fuskarsa za ta yi. Har ta fara cewa maganar maƙabarta ma a bari ya zo a zauna. Abin da kake nema da dagi, Kang, yana hannunka, an naɗe maka shi ana jiran ka zo ka karɓa.

Ranar da Subhan ya yi mata bayani, da la'asar na shiga ɗakinta na tarar ta juya dardumar yamma. Na tsaya har ta idar, na ce Mak, laifin Kang ne, ba laifin alƙibla ba ne. Ta ce ta sani. Ta ce amma in gabas ɗin sai an haƙa kabarin mijinta an mayar da ita mahaukaciya kafin a kai ta, to a bar ta inda aka bar shi yana kallo. Washegari ta aika aka kira limamin masallacin masu yamma, ta ce ya riƙe mata wuri. Na yi kuka, na roƙe ta, ta ce in share hawayena in je in duba tukunya. Yanzu kullum a ɗaki ɗaya muke salla, bayana yana kallon bayanta. Itace biyu ka sa aka juya a ƙarƙashin ruwa, an mayar da su cikin yini ɗaya. Wannan da ka juya a cikin gidanmu ban san ko sauran kwanakinta za su isa in mayar da shi ba.

Kada ka buga waya, ba za ta karɓa ba. Kada ka aiko da littafi ko kaset na wa'azi, na rantse zan mayar maka da su. In gwiwarka tana iya hawa jirgi, to tana iya durƙusawa. Ka zo Sallar nan ka kifa goshinka inda ɗanka ya kifa nasa, ka ce mata ka yi ƙarya, da wannan kalmar, ba kuskure ba, ba kyakkyawar niyya ba. Kada ka ambaci gabas ko yamma ko sau ɗaya, wannan ka bar min, ni zan sake farawa daga farko in Allah Ya ara mana lokaci. Kai yayana ne, ba zan daina yi maka addu'a ba, amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe ba alhali ba haka ba ne.

Ka gaishe min da Yu Warsini da kyau, ka ce mata man zafin da ta aiko ya yi wa Mak amfani. Ka gaida 'yarka Rohani da maigidanta, da ɗanka Marsudi, da 'yan biyun Rohani, Allah Ya raya su. Mas Ngadimin yana gaishe ka, Sulastri da mijinta suna gaishe ka, Subhan ma ya ce in gaishe ka, kuma kada ka yi masa faɗa, ya fi mu duka ƙoƙari a wannan lamari. Kafin in rufe na je na tambayi Mak ko in saka gaisuwarta. Ta ce in gaida Warsini da yara.

Wassalamu alaikum.

Ƙanwarka,
Ngatiyah